Birnin Lalle: yadda fadar Gobir ta zama kufai a ƙasar Dakoro

A yau idan aka ce Birnin Lalle, abin da ke faɗo wa mutumin Dakoro a rai shi ne kwamin ɗin karkara da ke kudu da gari, da sarautar kanto, da gonakin hatsi da wake. Idan kuma aka tambayi ɗan lakkwal ina ne babban birnin Gobir, amsarsa Tsibiri ce, wanda ya ɗan yi nisa a darasin tarihi ya ƙara da Alƙalawa. Ba kowa ba ne ke tuna cewa tun kafin sarauta ta sauka a waɗannan garuruwa biyu, a nan ƙasar Dakoro Sarkin Gobir ya yi zamansa, da fadarsa da dawakinsa da tamburansa.

Sunan wurin kansa shaida ne. A Hausa ba kowane gari ake kira birni ba. Ƙauye daban, gari daban, birni kuwa shi ne wanda aka kewaye da ganuwa, aka yi masa ƙofofi, aka ajiye masu tsaronsu. Masana tarihi na lissafa Birnin Lalle cikin manyan mazaunan sarautar Gobir, kuma akasarinsu na sanya zamaninsa tsakanin ƙarni na 15 da ƙarni na 17. Wato lokacin da Muhammadu Rumfa ke gina fadarsa a Kano, lokacin da ake ɗaga hasumiyar masallacin Agadas, wannan yanki namu na cikin wuraren da ake yanke shawarar yaƙi da ta kasuwanci a ƙasar Hausa.

To me ya kawo Gobirawa nan? Me ya tashe su? Kuma don me fadar Kano ke tsaye har yau, ta Birnin Lalle kuwa ta koma ƙasa?

Daga Abzin aka gangaro

Gobir na cikin Hausa Bakwai, kuma a labarin Bayajidda ita aka ba sarautar yaƙi, saboda ita ke bakin iyaka ta arewa tana tare wa ƴan uwanta hanya. Sai dai gidan sarautar Gobir na da nasa labarin asali. Masu riƙe da tarihin fada na cewa kakanninsu daga gabas suka fito, suka ratso ta Masar da Bilma, suka zauna a duwatsun Abzin shekaru masu yawa. Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya taɓo zancen a littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, inda ya danganta asalinsu da Kibɗawan Masar, ya kuma nuna cewa ƙasar Abzin a hannunsu take kafin Abzinawa su karɓe ta. Batun Masar zance ne na kunne ya girmi kaka, amma zaman Abzin masana sun yarda da shi.

Ɗaya daga wuraren da ake dangantawa da su shi ne Marandat, kudu maso yamma da Agadas. Marubucin Larabawa Al-Yaƙubi ya ambaci wani wuri mai suna Maranda tun a ƙarni na 9, kuma a ƙarnin da ya gabata masu tonon tarihi sun samu dubun dubatar ƴan ƙananan tukwanen narkar da tagulla a can. Wannan ya nuna cewa mutanen wurin maƙera ne kuma ƴan kasuwa. A 1353, da matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa ya sauka Takadda, garin tagulla da ake ganin kufansa a Azelik, ya rubuta cewa ana kai tagullar garin zuwa Barno da kuma wata ƙasa da ya kira Kubar. Masana da dama na karanta sunan a matsayin Gobir. Idan haka ne, to sunan Gobir ya shiga takarda shekaru fiye da 670 da suka wuce.

Ƙaurar zuwa kudu ba a dare ɗaya aka yi ta ba. Ƙabilun Abzinawa sun yi ta shigowa Abzin daga arewa, rukuni bayan rukuni, ana zama tare, ana auratayya, ana kuma faɗa a kan rijiyoyi da makiyaya. Wajen 1405 suka naɗa sarkinsu na farko, daga baya sarautar ta zauna a Agadas. Daga nan ƙarfi ya rinjaya wajensu. Gidan sarautar Gobir da jama'arsa suka yi ta ja da baya, zango bayan zango, har suka tsaya a ƙasar da ake kira Gobir Tudu, wadda ta haɗa da yankin Dakoro da na Madawa.

Me ya sa aka zaɓi wannan wuri

Wanda ya san ƙasar Dakoro zai gane dabarar. Nan ne noma ke ƙarewa, kiwo ya fara. Ruwan da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 300 zuwa 400 ba, ya isa hatsi ya nuna idan damina ta yi kyau, kuma da an ɗan ƙara gaba arewa sai dajin makiyaya. Ga kwarin Tarka ta arewa, ga Gulbin Kaba ta kudu, tsofaffin hanyoyin ruwa da rijiya ba ta cika zurfi a cikinsu ba, ciyawa kuma takan daɗe. Dukkansu biyu suna gangarawa ne zuwa Gulbin Rima. Ga mai raƙumi ko mai doki, waɗannan kwaruruka su ne manyan hanyoyin wancan zamani.

Birnin da ke zaune a irin wannan wuri yana cin riba ta fuska biyu. Mutumin Abzin na da gishiri da dabino da raƙuma, amma ba shi da hatsi isasshe, ba shi da tufa. Mutumin Katsina da na Kano na da hatsi da saƙi da baƙin rini da kayan fata, amma ba su da gishiri. Ayarin da ya ɗauko kantu daga Bilma ko Fashi, ko gishirin Tigidda, dole ya sauka wani wuri ya shayar da dabbobi, ya sayi guzuri, ya nemi wanda zai tsare masa hanya. Sarkin da ke riƙe da wannan zango yana karɓar fito da gaisuwa, yana kuma samun dawaki, waɗanda su ne ƙarfin yaƙi a lokacin.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya bar mana alamar lokacin. A cikin labarin Sarki Yakubu, wanda ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463, an ce a zamaninsa ne Abzinawa suka zo Gobir, gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa. Wannan ya zo daidai da shekarun da masana ke ganin sarautar Gobir ta kafu a Birnin Lalle.

Akwai kuma shaidar Hasan Al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Afirkanus. A littafinsa da aka buga a Banis ta ƙasar Italiya a 1550, ya siffanta wata ƙasa da ya kira Guber: mai yawan shanu da tumaki, mai masaƙa da dukawa waɗanda takalmansu ke kaiwa har Tumbutu da Gawo, da wani babban gari mai gidaje kimanin 6000 inda sarki ke zaune. Ya kuma ce Askiya na Songai ya ci ƙasar da yaƙi. Masana na ɗaukar labarin nasa da taka-tsantsan, domin ana ganin wasu abubuwan daga bakin fatake ya ji su, kuma bai faɗi sunan garin ba. Duk da haka ya nuna irin kallon da baƙi ke yi wa Gobir a farkon ƙarni na 16: ƙasa ce mai dabbobi, mai sana'a, mai babban birni.

Yadda birni da fada suke a wancan zamani

Biranen Hausa na lokacin tsarinsu kusan ɗaya ne, shi ya sa waɗanda suka rage a tsaye ke taimaka mana mu fahimci waɗanda suka rushe. Ganuwa aikin gayya ce. Bayan an kai amfanin gona gida, sarki kan raba wa unguwanni da ƙauyuka kowa da sashensa. Ƙasar da za a yi ginin da ita daga gindin ganuwar ake haƙo ta ta waje, ramin da aka bari ya zama gwalalo, a bar sarƙaƙiya ta cika shi don doki kada ya ƙetare. Ta ciki akan yi badala, inda maharba ke tsayawa. Ƙofofi kaɗan ne kuma ƙanana, ana rufe su da almuru.

Ganuwa ba gidaje kaɗai take kewayewa ba. Ana barin fili mai faɗi a ciki domin gonaki da rijiyoyi da turakun dabbobi, saboda idan mahara suka zo mutanen ƙauyuka su shigo da garkensu, kuma idan an yi wa birni zobe a samu abin ci. Ko a 1851 da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano, ya tarar da babban ɓangare na cikin ganuwar gonaki ne da fili.

Fada kuwa gari ce a cikin gari. Daga dandali sai zaure, daga zaure sai wani zauren, kowanne da dogarai ko bayin sarki, har a kai inda sarki ke zaman fadanci da shari'a. A gefe ga bargar dawaki da rumbuna da ɗakin tambura. Can ciki sai sashen mata, wanda baƙo ba ya takawa. Da tubalin hannu ake ginin, a haɗa shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a yi rufi da azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba, a shafe bango da makuba don ruwa ya zame.

Sarkin Gobir ba shi kaɗai yake mulki ba. Al'adar fadar ta san majalisar da ake kira Taran Gobir, manyan masu sarauta tara waɗanda ke zaɓen sarki, suna kuma iya juya masa baya. Akwai kuma Inna, mace daga gidan sarauta, uwar ƙasa, mai kula da harkokin mata da na bori, wadda ke da gidanta da fadawanta. Sarautar Inna na nan a Tsibiri har yanzu. Duk inda fada ta koma, da waɗannan sarautu take tafiya, kuma wannan ne ya sa Gobir ta iya sauya birni sau da yawa ba tare da ta watse ba.

Abin da ya tashi birnin

Abin da ya ɗaukaka Birnin Lalle shi ne kuma ya zame masa matsala. Zama a bakin hamada na da daɗi muddin kai ke da ƙarfi. A ƙarni na 17 sarautar Agadas ta ƙasaita ƙwarai, musamman a zamanin Sarkin Abzin Muhammadu Mubarak, wanda ya yi mulki daga 1654 zuwa 1687. A 1674 ɗansa Agabba ya ƙwace ƙasar Adar daga hannun Kabi. Tun daga ranar Gobir Tudu ta samu kanta da Abzinawa ta arewa, da Abzinawa ta yamma. Ƙarshen ƙarnin ya cika da yaƙe-yaƙe tsakanin Gobir da Agadas, yau a kai hari, gobe a rama. Mayaƙa a kan raƙuma na iya ɓullowa daga daji ba zato, su kore garke, su ƙone rumbuna, su ɓace kafin dawakin birni su ɗaura sirdi. Ganuwa na tsare fada, amma ba ta tsare manomin da ke gona mai nisa, kuma birnin da ƙauyukansa suka watse ba ya daɗewa.

Ga kuma fari. Masu binciken tarihin yanayi sun nuna cewa yankin Sahel ya sha fari mai tsanani a shekarun 1680, sannan ya sake shan wanda ya fi shi tsakanin 1738 da 1756. Mu da muka ga 1973 da 1984, ko muka ji labarinsu daga bakin iyaye, mun san abin da shekara biyu ko uku babu damina ke yi wa ƙasar Dakoro. Birni mai dubban mutane da ɗaruruwan dawaki ya fi ƙauye saurin jin yunwa da ƙishirwa.

Dalili na uku kwaɗayin kudu ne. A Gulbin Maradi da Gulbin Rima akwai fadama, akwai ruwa kusa, ana noma da damina a kuma yi na rani, ga jama'a da yawa da za a karɓi haraji a hannunsu. Sarakunan Gobir mayaƙa ne, idonsu na kan ƙasashen Katsina da Zamfara da Kabi. Saboda haka tashin fada daga Birnin Lalle gudu ne ta wata fuska, ta wata fuskar kuma matsawa ce kusa da ganima. Zuwa farkon ƙarni na 18 sarauta ta riga ta koma kudu, kuma tarihin baka na ambaton Birnin Naya da Gwararrame cikin wuraren da ta zauna bayan nan.

Ƙasar da aka bari ba ta daɗe babu mai ita ba. A rabi na biyu na ƙarni na 18 Abzinawan Kel Geres suka bar Abzin bayan rikici da Kel Ewe, suka bazu a Adar da Gobir Tudu, suka zama masu faɗa a ji a yankin. Sai a farkon ƙarni na 20, da hare-hare suka kwanta, manoman Hausa suka sake cika ƙasar da ƙauyuka, suna turawa arewa. Garin Dakoro kansa a 1947 Faransawa suka mai da shi mazaunin hukuma. Idan aka kwatanta da Birnin Lalle, Dakoro jariri ne.

Daga Alƙalawa zuwa Tsibiri

A kudu Gobir ta kai ƙololuwar ƙarfinta. Sarki Babari ya ci Birnin Zamfara a shekarun 1760, ya mai da Alƙalawa, a bakin Gulbin Rima, babban birninsa. A can Bawa Jan Gwarzo ya yi mulkin da har yau ake kirarinsa. A zamanin Bawa ne wani malami da aka haifa a 1754 a Maratta, kusa da Galmi a jahar Tawa ta yanzu, ya soma suna da wa'azi, wato Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Saɓani tsakanin jama'ar Shehu da fada ya yi ta girma a zamanin Nafata da Yunfa, har aka kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabarairu na 1804 da yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara. A watan Oktoba na 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa. Ita ma kufai ce a yau, a ƙaramar hukumar Sabon Birni ta jahar Sakkwato.

Gobirawa ba su miƙa wuya duka ba. Sun ci gaba da yaƙi har zuwa 1836, lokacin da Muhammadu Bello ya ci su da abokan ƙawancensu, Katsinawan Maradi da wasu Abzinawa, a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali ya rasa ransa. Bayan wannan ne Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maradi. Daga baya wani reshe na gidan ya ware ya kafa Sabon Birni. Da Faransa da Ingila suka shata iyaka tsakanin 1898 da 1908, sai tsofaffin biranen Gobir suka rabu gida biyu: Alƙalawa da Sabon Birni a Najeriya, Tsibiri da Birnin Lalle a Nijar.

A lokacin shata iyakar ne ayarin Kyaftin Tilho ya zauna da fadawa da dattawa ya rubuta abin da suka faɗa game da sarakunan da da biranensu, aka buga a Faransa a 1911. Bubu Hama ya fitar da littafi a kan tarihin Gobir da Sakkwato a 1967, Farfesa Jibo Hamani kuma ya yi zurfin bincike a kan Adar da sarautar Agadas. Jerin sarakunan da fadar Gobir ke riƙe da shi ya haura sunaye 300. Amma idan aka tattara duk abin da takardu suka faɗa a kan Birnin Lalle shi kansa, bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da aka rubuta a kan Alƙalawa ko Kano.

Me ya sa ba a ganin soro a tsaye

Masu zuwa kallon kufai sukan yi tsammanin ganin bango da zaure, sai su tarar da tudu da ciyawa, su koma suna cewa babu komai. Amsar tana cikin kayan ginin. Ginin ƙasa rayayye ne muddin akwai mai kula da shi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi yaɓe, an gyara indararo, an toshe tsaga. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, an fara gina ta wajen 1515, aka sake gina ta a 1844, kuma har yau ana yi mata yaɓe, shi ya sa take tsaye, shi ya sa kuma hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013. Gidan Rumfa a Kano, da Gobarau a Katsina, da fadar Damagaram, duk sun rayu ne saboda mutane ba su taɓa barinsu ba.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Idan fada ta tashi, abu na farko da ake cirewa shi ne azara da ƙyamare, domin itacen gini na da tsada a Sahel. Da rufi ya tafi, ruwa zai riƙa shiga bango ta sama, damina kaɗan ta isa ya zube. Iskar hunturu ta kawo rairayi ta rufe. Bayan shekara ɗari uku, ganuwa ta zama doguwar kunya mai faɗi, gwalalo ya zama ɗan kwari da ciyawa ta fi tsawo a cikinsa, unguwa ta zama tudu mai tsingaro. Surame, birnin Kanta na Kabi a jahar Sakkwato, ya fi nuna kansa ne saboda an sa dutse a ganuwarsa. A ƙasar rairayi irin tamu babu wannan gatan.

Ko a zamaninmu gari na tashi. Dattawan Maradi sun san cewa bayan ambaliyar 1945 aka kwashe garin daga cikin gulbi aka mai da shi kan tudu. Wanda ya je tsohon wurin yau gonaki da lambuna zai gani, alhali shekara tamanin kacal ke nan.

Abin da ƙasa ke riƙe da shi

Tun da takardu sun yi ƙaranci, babban kundin tarihin Birnin Lalle shi ne ƙasar da ya bari. Kufai irin wannan kan ɓoye tsingaron tukwane, da kashin tama inda maƙera suka yi aiki, da duwatsun niƙa, da ƙasusuwan dabbobi, da duwatsun wuya, da bakin tsofaffin rijiyoyi, da kaburbura. Ga mai wucewa shara ce. Ga masani kowanne na da abin da yake faɗa. Zanen da ke jikin tukunya na nuna da wa mutanen suka yi hulɗa, da Abzin ko da Katsina. Ƙashi na nuna abin da suka kiwata. Gawayin murhu kuwa ana kai shi ɗakin bincike a auna shekarunsa ta hanyar da ake kira karbon 14, a gane ƙarnin da aka hura wutar. Tokar da ta rufe unguwa gaba ɗaya na iya nuna cewa ƙone garin aka yi, rashinta kuma ya nuna tashi aka yi a hankali.

Amma duk wannan na aiki ne idan abu na nan inda masu shi suka bar shi. Ƙasa shimfiɗa-shimfiɗa take, na ƙasa ya girmi na sama. Tukunyar da aka tone aka kai kasuwa ta zama tukunya kawai, ba wanda zai ƙara sanin daga wane zurfi ta fito ko me ke kusa da ita. Nijar ta riga ta ɗanɗana wannan asara. A Bura, cikin jahar Tilaberi, an gano wata tsohuwar maƙabarta mai tukwane da mutum-mutumin yumɓu a 1975, Bube Gado ya yi tonon bincike a 1983. Da aka nuna kayan a Turai a shekarun 1990, sai dillalai suka buɗe ido, aka yi ta haƙa ba kan gado, har aka lalata mafi yawan wuraren. A shekara ta 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sanya kayan Bura cikin jerin waɗanda ake gargaɗin kada a saya. Kuɗin da masu haƙa suka samu sun ƙare tuni, tarihin da aka tarwatsa kuma ba ya dawowa.

A ƙasar Dakoro haɗarin da ya fi kusa shi ne ƙuncin gona. Jama'a na ƙaruwa, saura ta ƙare, kowane taki na ƙasa ana nome shi. Garmar shanu ta fi hauya shiga ƙasa, tana kuma baje tudu shekara bayan shekara. Ga masu ɗibar ƙasar gini, waɗanda tsohuwar ganuwa ke yi musu kama da laka da aka tara musu a ɓagas. Babu wanda ke yin haka da mugun nufi, manomi abincin iyalinsa yake nema. Sai dai abin da ya jure wa damina ɗari uku na iya ɓacewa a cikin shekara ashirin.

Aikin da ke gaban mutanen yankin

Doka na nan. Doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997 ta tanadi kare kayan tarihin ƙasa, ta hana tono ba da izinin hukuma ba, ta kuma wajabta wa wanda ya ci karo da wani abu na tarihi ya sanar. Ma'aikata ma akwai su: cibiyar IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni a Yamai na da masu tonon tarihi, ga kuma jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maradi, tafiyar kimanin kilomita 120 daga Dakoro.

Sai dai matakin farko ba ya bukatar jiran Yamai. Mutanen Dakoro sun fi kowa sanin aikin kwamitocin ƙasa da ake kira COFO, waɗanda tsarin dokokin karkara na 1993 ya kafa. Da su ake shata burtali da makiyaya, a kafa alamu, a rubuta a takarda, sarki da magajin gari da manoma da makiyaya kowa ya sa hannu. Hanyar da aka bi aka tsare burtali ita za a iya bi a tsare layin ganuwa da tuddan da suka fi muhimmanci, tare da yardar masu gonakin da kuma duba hakkinsu.

Na biyu shi ne dattawa. Sunayen wurare, inda ake cewa ƙofa take, inda aka hana noma tun kaka da kakanni, rijiyar da ake dangantawa da wani sarki, duk suna bakin mutanen da shekarunsu suka ja. Wayar salula ta isa a ɗauki muryarsu, gidajen rediyon karkara kuma na iya watsawa su ajiye. Malaman lakkwal da na kwaleji na iya kai ɗalibai su taka wurin da ƙafarsu, su zana taswirarsa, su ji labarin Gobir a inda ya faru.

Na uku ya shafi kowa. Manomin da garmarsa ta tono tukunya, ko ƙasusuwa, ko wani ƙarfe da bai saba gani ba, abin da ya fi shi ne ya bar shi a wurin, ya rufe da ƙasa, ya sa alama, ya gaya wa mai gari ko ofishin magajin gari. Idan baƙo ya zo yana tayin saye, a sanar da hukuma. Wata rana masu bincike za su zo da ma'auninsu, kuma yawan abin da za su iya gaya wa Gobirawan Tsibiri da na Sabon Birni da ƴaƴan Dakoro game da wannan birni ya danganta ne da yawan abin da aka bar musu a cikin ƙasa.